Wai da gaske mutane na yawo a kan kogi a Winnipeg?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin Kanada ku taimaka min. Ƙanena ne ya tafi karatu Winnipeg, jiya ya turo bidiyo a guruf ɗin gida wai ga shi tsaye a tsakiyar kogi, ruwan ya daskare, ga mutane birjik har da masu tura jarirai a keke. Hajiyarmu tunda ta gani ta kasa sukuni, ta ce lallai a kira shi a ja masa kunne. Wane irin kogi ne wannan, kuma abin nan ba ganganci ba ne?

Malam Jogarafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Koguna biyu ne suka haɗu a tsakiyar garin, Red River da Assiniboine, mahaɗar tasu ake kira The Forks, ina kyautata zaton nan ya ɗau bidiyon. Shi Red River daga Amurka ya taso, shi ne ma iyakar jihohin Minnesota da North Dakota, ya bi ta Fargo da Grand Forks ya shigo lardin Manitoba na Kanada, inda Winnipeg take, ya je ya zube a tafkin Winnipeg, tsawonsa wajen kilomita 885. Abin da zai ba ki mamaki duk wannan doguwar tafiyar gangaren da yake yi bai wuce mita 70 ba, saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, asalinta ƙasan wani tsohon tafki ne da ake ce wa Agassiz wanda ya janye tun dubban shekaru, shi ya sa ma take da albarkar noma. To in ruwa ya cika ba tudun da zai tare shi, kamar ki tuntsurar da kofi a faranti ne, ko'ina sai ya bi. Ƙari a kan haka arewa yake gangarawa, ƙanƙarar kudu ta riga narkewa ruwan ya taho ya tarar ta arewa tana nan daram ta toshe hanya. A 1950 sai da aka kwashe mutum kusan 100,000 daga Winnipeg. Bayan nan ne gwamnatin Duff Roblin, firimiyan Manitoba na lokacin, ta haƙa wata ƙatuwar magudana mai kilomita 47 da ke zagaye da ruwan ta gabashin gari, aka gama a 1968, mutane na ta yi masa ba'a lokacin, amma a ambaliyar 1997 da ta ci Grand Forks ita ta tsare garin.

Ɗan Fagge a Manitoba:
Malam ya gama magana. Anti ni nan nake zaune, ki kwantar wa Hajiya hankali. Sanyin nan yana kai 30 ƙasa da sifili, ƙanƙarar tana kauri sosai, kuma ba haka kawai ake hawa ba akwai ma'aikata da ke huda ta suna auna kaurin, su share hanya su buɗe, in yanayi ya canza su rufe, akwai ma shekarar da ba a buɗe ba sam. Yawanci daga Janairu ne zuwa farkon Maris. Wasu da takalmin zamiya mai ƙarfe a ƙasa, wasu a keke, wasu da ƙafa, ga 'yan rumfuna a hanya na fakewa daga iska, wlh akwai masu bin kan kogin su tafi wajen aiki. A 2008 hanyar ta shiga kundin bajinta na Guinness saboda tsawonta, kilomita 8.54. Inda haɗarin yake shi ne mutum ya bar inda aka shata, musamman gindin gada da bakin magudanun gari, nan ƙanƙarar ba ta da ƙwari kuma ruwa na gudu a ƙasa. Wannan kam ki faɗa masa da babbar murya. Da zafi kuma kada ya ce zai yi iyo, ruwan jawur yake da laka ba ka ganin ƙasa, ga shi yana jan mutum. In shaƙatawa yake so akwai jirgin ruwa na yawo a The Forks ɗin.

Sarkin Ruwan Wudil:
To ni tambayata ɗaya ce, akwai kifi? 😂 Kogi ba kifi ai kwata ce.

Ɗan Fagge a Manitoba:
Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, akwai tarwaɗa manya-manya wajen Lockport da Selkirk, arewa da gari kaɗan, har daga Amurka ake zuwa kamunta. Sai dai abin zai ɓata maka rai, su kama ƙatuwa su ɗau hoto su mayar ruwa. Kuma sai da lasisi. Da sanyi su kafa tanti a kan ƙanƙara su huda rami su zira ƙugiya su zauna da fulas ɗin shayi.

Sarkin Ruwan Wudil:
A mayar?? Innalillahi. Ga barkono ga daddawa.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce ta ji, amma dai shi Auwalu ya tsaya a bakin gaɓa ya riƙa kallo.