Me ya sa makarofej ke kasa kashe Cryptococcus?

Ɗalibar Lab: Malamai, makarofej na huhu, wato ƙwayar garkuwar jiki mai haɗiye ƙwayoyin cuta, yana haɗiye fangas ɗin nan Cryptococcus neoformans, amma ciwon sai ya kai ƙwaƙwalwa. Ina gizo ke saƙar?

Malamin Lab: Haɗiyewar ma ba ta zuwa da sauƙi. Rigar sukari mai kauri da ke kewaye da fangas ɗin, mai suna GXM, tana rufe beta-glucan, wani sukari na bangon jikinsa, don haka Dectin-1, furotin da makarofej ke gane shi da shi, bai ganinsa. Sai furotin na garkuwar jiki da ke cikin ruwan jini, wato C3 ko antibodi, sun manne a jikin fangas ɗin tukuna. Shi ya sa a gwaji, in kika ɗumama ruwan jini a digiri 56 na Celsius na minti 30, C3 ya daina mannewa, haɗiyewa ta faɗi ƙasa.

Likitan Jini: Bayan haɗiyewa kuma, fangas ɗin yana jure tsamin jakar narkarwa da ke cikin makarofej, yana hayayyafa a ciki. Wani lokaci ya fito, shi da makarofej duk da rai. A 2006 aka bayyana wannan. Makarofej ɗin ma yakan zama masa jirgin fito zuwa ƙwaƙwalwa.

Malamin Lab: Ƙwarai, Likita. Kuma sinadarin interferon-gamma da ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 ke fitarwa shi ke zaburar da makarofej ya yi kisa. In adadin CD4 na mai ɗauke da HIV ya sauka ƙasa da 100, a yi gwajin CrAg, wato neman alamar fangas ɗin a jini, tun kafin ciwon kai ya fara.