Neman shawara: sabuwar kafasita ba ta kai adadin da ke jikinta ba, jabu ce?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'a. Shekarata biyu ina koyon gyaran talabijin a Kano, kuma maigidana ya yi tafiya ya bar mini wata talabijin da take kunnuwa ta mutu nan take. Da na buɗe fanel ɗin wuta, na tarar da kafasita mai 1000µF 16V ta kumbura, kusa da ita kuma wata 'yar rasista ta tsage, ko da yake zanen launukan da ke nuna adadinta na nan: rawaya, shunayya, baƙi, sai ruwan ƙasa biyu. A Sabon Gari aka ba ni kafasita 1000µF 25V da rasista 4.7k (wato ohm 4,700), amma da na auna su da mita, kafasitar ta nuna 880, rasistar kuma 4.58k. Shin an sayar mini da jabu ne, kuma 25V ɗin ba zai ƙona fanel ɗin ba?

Amsar wani dattijo mai gyara daga Zariya:

Wa'alaikumus salam ɗana. Ba a cuce ka ba a kan kafasitar. Irin waɗannan masu ruwa a ciki yawanci ana ƙera su da rangwamen kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, shi ya sa za ka ga harafin M a jikin wasunsu, ma'ana duk wadda ta faɗa tsakanin 800 da 1200 tana nan a kan ƙa'idarta. Harafin K kashi 10 ne, J kuma kashi 5. Shi kuwa 25V ba wutar da take fitarwa ba ce, iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, saboda haka a hau sama babu laifi, sauka ƙasa da 16V ne haramun. Abin da zan so ka duba shi ne zafin da aka rubuta mata. Idan 85°C ce, ka mayar ka nemo mai 105°C, domin cikin akwatin talabijin a watan Afrilu a Kano ba wurin wasa ba ne, kuma a ƙiyasin masu ƙera su, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. Ka kuma tambayi mai ƙarancin ESR (wato turjiyar da ke cikin kafasitar kanta), kada ka juya ƙafar da ke da alamar ragi (−) wajen sakawa, sannan kafin ka taɓa komai ka sauke cajin babbar kafasitar nan mai 400V, wadda kan riƙe sama da 300V bayan an zare filogi.

Wani daga Maraɗi:

Ni dai idan na samu irin wannan, 2200µF nake sakawa, ta fi ƙarfi, kuma ban taɓa ganin ta dawo ba.

Dattijon:

Malam, wani lokaci hakan yana wucewa lafiya, amma ba shawarar da za a ba ɗan koyo ba ce. Kafasitar da ta ninka girma tana jan wuta mai yawa a lokacin kunnawa, wani fanel ɗin ma sai ya ɗauka gajeriyar hanya ce, wato shot, ya ƙi tashi.

Wata injiniya daga Kaduna:

Baba ya gama magana a kan kafasita, amma ƙanena, matsalarka tana wajen rasistar. Wadda ta tsage zane biyar gare ta, kuma ruwan ƙasa na ƙarshe yana nufin kashi 1 cikin ɗari, wato daga ohm 4,653 zuwa 4,747. Wadda ka sayo, ina kyautata zaton zane huɗu ce mai ƙarewa da ruwan zinare, kashi 5 ke nan, daga 4,465 zuwa 4,935. Don haka 4.58k ba jabu ba ce, sai dai ba ita ce ta wurin ba. Kamfani ba ya kashe kuɗi a kan mai kashi 1 haka kawai. Ka bi layinta, idan ta haɗu da ƙafar TL431, wani ɗan ƙaramin IC mai sa ido a kan yawan wuta, to tana cikin rasistoci biyu masu daidaita wutar da ke fita, kuma idan ita ce ta ƙasa, ta sama kuma 18k, saka mai 4.58k zai sa wutar 12V ta hau zuwa wajen 12.3V. Idan ba ka samu mai kashi 1 ba, ka sayi guda goma masu kashi 5 ka auna su ɗaya bayan ɗaya ka zaɓi mafi kusa, ko ka ciro daga mataccen fanel. A waje za ka auna, domin a kan fanel sauran kayan da ke haɗe da ita kan sa mita ta nuna ƙasa da gaskiya.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri Baba da Yaya. Na bi layin, tabbas da TL431 ta haɗu, kuma kafasitar 85°C ce. Na samu rasista mai zane biyar a wani tsohon fanel a ƙarƙashin bencin maigida, ta nuna 4.69k. Gobe zan koma Sabon Gari in canjo kafasitar, sai in auna wutar kafin in haɗa allon hoto.