Hoton biki: in tsaya kan ƙananan ɗaurin aure ko in bi sahun masu dina?

Ɗan Kurna mai 6D:

Assalamu alaikum. Shekara uku na yi ina riƙe wa maigidana mai ɗaukar hoto fitila da jaka a wuraren biki a nan Kano, bara ya sallame ni ya sa min albarka. Jarina gaba ɗaya kyamarar Canon 6D ce ta hannu, gilashin kyamara na 50mm guda ɗaya, fitilar Godox, sai wata tsohuwar laftof da take nishi duk lokacin da na buɗe Lightroom, manhajar gyaran hoto.

Manyan bukukuwa ba sa zuwa wajena. Mai dina a babban ɗakin taro yana son ya ga yara biyar da riga iri ɗaya da ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Ni abin da yake samuna ɗaurin aure ne a ƙofar gida bayan an sauko daga Juma'a, ko walimar mata talatin a tsakar gida, ko bazawarar da ta ce ba ta son hayaniya. Ina ganin Turawa a Instagram suna cin abinci da irin wannan, ango da amarya su kaɗai a kan dutse da mai hoto. Mu kam babu aure sai da waliyyi da shaidu da sadaki, amma ƙaramin biki muna da shi, kuma tsadar rayuwa tana ƙara yawansa.

Watan jiya na ɗauki wani a Ɗorayi. Mutanen ba su kai ashirin ba, tabarma uku, tire ɗaya na goro da alawa. Da liman ya ɗaga hannu, na hango mahaifin amarya can gefe ya ja hannun babbar rigarsa yana goge ido a ɓoye. Na danna. Da na tura hotunan, amaryar ta kira ni tana kuka, ta ce ita tana cikin ɗaki da ƙawayenta, guɗa kawai ta ji, ba ta taɓa zaton Babanta zai yi mata hawaye ba. Tun ranar nake jin wannan aikin nake so.

Sai dai na tafka kuskure. Na ɗora hotonta ɗaya a shafina don talla ban tambaya ba, angon ya kira ya wanke ni tas, na sauke. Shin ana iya riƙe gida da irin wannan aikin? Kuma ya ake yanka farashi ba a cuci kai ba?

Tsohon Hannu, Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na fara tun zamanin fim, hoto 36 a naɗi ɗaya, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko. Wannan ya koya mana duba kafin dannawa, kuma na ga kana da idon.

Bari in fara da abin da zai iya rusa ka dare ɗaya. 6D ɗinka ramin katin memori ɗaya gare ta. Ranar da katin ya mutu, ɗaurin auren mutane ya tafi ke nan, ba wanda zai sake tara maka waliyyai. Ya taɓa faruwa da ni a wani biki a Tudun Wada, na yi sati ban iya bin layin gidan ba. Kafin ka sayi wani gilashi, tara kuɗin kyamarar Canon 5D Mark III ko Sony A7 III, duka suna rubutawa a kati biyu lokaci guda. Kafin nan ka riƙa amfani da ƙananan katuna da yawa, kana sauyawa tsakanin masallaci da gida, don in ɗaya ya lalace kada duka su tafi. In ka koma gida kada ka cire takalmi sai ka kwafe aikin wuri biyu.

Na biyu, ka san waye mai bikin. Ango ne zai turo kuɗi, amma wadda za ta zauna ta buɗe albam shafi shafi uwar amarya ce da 'yan uwanta. In babu hoton gwaggon da ta taso tun daga Funtuwa, duk kyawun haskenka ya tashi a banza. Ni kwana biyu kafin biki nake kira in ce a ba ni sunan mutum goma da ba za a yafe min ba in na rasa su, kuma a haɗa ni da yaro ɗaya ɗan gidan da zai riƙa nuna min su. Wannan yaron ya fi min fitila ta biyu amfani.

Farashi kuwa, lissafa kwanakin aiki, ba awannin biki ba. Awa biyu a ƙofar gida tana jawo kwana biyu a gaban kwamfuta, ga man janareta, ga data, ga kuɗin mota. Karɓi rabi kafin alƙalami. Rubuta komai a WhatsApp: wuri, lokaci, hoto nawa za ka gyara, ranar da za ka miƙa. In sati biyu za ka iya, ka ce uku, ka kai a biyu.

'Yar Lalle da Kyamara:

Malam, angon nan gaskiya gare shi, kuma ka yi sa'a a waya ya tsaya. Ni mace ce, kamu da sa lalle da buɗar kai nake ɗauka, kuma abin da ya sa ake kirana har cikin ɗaki shi ne an san hotona ba ya fita. Akwai amaren da ban taɓa ɗora ko yatsarsu ba, su ne kuma suka fi kawo min aiki, don a gidan suna ake tallata ni. Tambayar izini tana cikin maganar farko da nake yi da su, kuma kashi uku nake bayarwa: a ɗora da fuska, a ɗora hannu da lalle da kaya kawai, ko kada a ɗora komai. Ko amarya ta yarda, ƙawarta da mayafinta ya zame a bayanta ba ta yarda ba, ka duba gefen hoto kafin ka saki.

Sai gyaran fata. Don Allah ku daina mai da baƙar amarya fara sol har dangin miji su kasa gane ta. Ka tambaye ta yadda take so, ka nuna mata guda biyu ta zaɓa. Kuma in za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar tana matse hoton, in an je bugawa a firem ya fito dishi-dishi a ce kai ne ba ka iya ba.

Shawarata ka nemi mace mai hoto ku haɗa hannu, kai ƙofar gida da masallaci, ita cikin gida. Gidaje da yawa ba za su bar namiji ya shiga wajen lalle ba ko nawa ya rage musu.

Oga Dina:

Ni fa ban yarda da wannan daɗin bakin ba. Hawayen Baba ba ya biyan kuɗin haya. Mai ƙaramin biki ya ƙanƙanta shi ne saboda aljihu, kuma shi ne zai fi ja maka farashi, ya ce ai ɗan ƙanensa ma yana da iPhone. A lokacin kullen korona na 2020 dukkanmu mun koma ɗaurin auren mutum goma, na san abin da ake samu, da ƙyar yake sayen batir. Dina ɗaya tana biya min abin da ƙanana biyar ba za su biya ba. Ka riƙa bin manya a matsayin mai kyamara ta biyu ranar Asabar, ka yi naka ranar Juma'a, har ka sayi kaya. In ka ƙi ji, shekara biyu za ka sayar da 6D ɗin ka sayi babur.

Maman Biyu:

Ni ba mai hoto ba ce, amma an yi min. Wanda muka ɗauka a bikina sunansa ya yi tashe, kayan aikinsa kamar gidan talabijin, mun biya shi cas. Wata bakwai muna bin sa, yau ya yi tafiya, gobe kwamfutarsa ta lalace. Kakata da ta riƙe ni ta yi ta tambaya yaushe za ta ga hoton da muka yi tare ranar kai amarya. Ta rasu wata na biyar. Da hotunan suka zo akwai na kek kusan ashirin, nata guda ɗaya, shi ma ta juya baya. Bikin ƙanwata da aka yi bana wani yaro muka kira da ba wanda ya san shi, saboda maƙwabciyarmu ta ce ya kawo mata nata cikin kwana goma. Oga Dina, ba duk mai ƙaramin biki ba ne talaka, wasunmu gajiya muka yi.

Ɗan Kurna mai 6D:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya Maman Biyu, Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta.

Baba na Zariya, yau da safe na sayo katuna biyu, kuma na rubuta 'yar yarjejeniyar da zan riƙa turawa, na sa kashi ukun nan na Anti a ciki. Na kuma kira angon Ɗorayi na sake ba shi haƙuri, na ce zan buga musu hoton Baban a firem kyauta. Ya yi shiru, sannan ya ce abokinsa zai ɗaura aure bayan Sallah, zai ba shi lambata, amma da sharaɗin da na sani.

Oga, maganarka ta yi zafi amma akwai gaskiya a ciki, haya ta kusa. In kana neman hannu na biyu wata Asabar ina nan, sai dai ba ni da rigar yaranka.

Anti, a wace unguwa kike? Akwai walima a Gwammaja ƙarshen wata, sun ce mace suke so a ciki.