Tsabar zinariya mai hoton Ahijo: mu sayar wa maƙeri ko mu dakata?

'Yar Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin rabon gadon mahaifinmu, sai muka tarar da wata tsaba a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin ƙyalle. Launin zinariya ce, da kan Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, an rubuta faran 5000 da shekarar 1970. Yayanmu ya ce a kai wa maƙeri ya narkar a raba kuɗin. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Baba Malam: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. 'Yata, kada ku yi gaggawa. Kamaru ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairun 1960, to cikar shekara goma ne aka buga waɗannan don tunawa, lokacin ƙasar tana tarayya. Kala biyar ne: 1000, 3000, 5000, 10000 da 20000. Ba su taɓa yawo a kasuwa ba, manyan mutane da masu tara tsoffin kuɗi ne suka mallake su. Chadi ma ta buga nata a shekarar.

Mai Awon Zinariya: Hajiya, ki fara da sikeli. Ta gaske mai 5000 giram 17.5 ce, kashi 90 cikin 100 zinariya, wato giram 15.75 tsantsa. In nauyin ya gaza sosai, ko maganaɗisu ya ja ta, ruwan zinariya aka shafa. Kuma ina roƙonki, kada ki bari a karce gefenta ko a ɗiga mata asid, kada ki wanke ta da toka ko omo. Sheƙin nan na asali shi masu saye ke dubawa, in ya tafi ba ya dawowa. Ki riƙa kama ta ta baki-baki. Maƙeri kuɗin nauyi kaɗai zai ba ku, mai tarawa kan ƙara in tana da kyau, musamman in kwalinta da takardarta na nan.

'Yar Garwa: Ba kwali, ƙyallen kawai. To maganar rabo fa?

Baba Malam: Haƙƙin magada ce gaba ɗaya. Ku sa mutum biyu su yi mata kuɗi daban-daban a gaban kowa. In kina sonta, a lissafa ta cikin kasonki, ki cika wa sauran abin da ya haura, amma da yardarsu da shaidu.