An rufe wa garinmu baki kan injinan iska

Baban Khalifa, Halifax: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Akwai shirin kafa manyan injinan samar da lantarki da iska a tsaunin Walshaw Moor, kusa da garin Hebden Bridge a nan Ingila, da farko ma 65 aka ambata. Na je wurin kansilan unguwarmu in faɗi damuwata, sai ya ce mini aikin da ya wuce megawat 100 yanzu ba su ke yanke hukunci a kansa ba, minista ne a Landan. To me ya sa muke zaɓen kansiloli? Gwamnatin Labour ta rufe wa garinmu baki, kuma babu mai magana a zauren nan.

Alhaji Na Bradford: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, "garinmu" ka ce? Yaushe Halifax ta zama garinku? Ni na san ka ɗan Gwammaja.

Baban Khalifa, Halifax: Alhaji, da girmanka. Shekarata 14 a nan, ina biyan harajin gida duk wata, 'ya'yana uku a nan aka haife su. In ba garina ba ne, garin wa ne?

Maman Hanan, Leeds: Gaskiyarsa, Alhaji. Inda mutum yake kwana yake tashi, nan ne garinsa. Muna ma jefa ƙuri'a a zaɓensu, tunda Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila.

Ɗan Damagaram: Ku kuke jefawa, Hajiya. Mu 'yan Nijar harajin nan muke biya kamar ku, amma ba mu da ƙuri'a sai mun karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Kullum sai ku ce "mu" kamar Hausawan Ingila duka 'yan Najeriya ne.

Maman Hanan, Leeds: Ka yi haƙuri ɗan'uwa, ba da nufi na faɗa ba.

Alhaji Na Bradford: Ni shekarata 31 a ƙasar nan kuma ban taɓa ce mata garina ba. Wasiyyata a rubuce take, in na cika a mai da ni Kano. Zama da mutane daban, asali daban.

Injiniya Sani: Ku bari mu koma kan maganar. Baban Khalifa, labarin bai fara daga Labour ba. A 2015 gwamnatin David Cameron ta jam'iyyar Conservative ta sa sharaɗin cewa ba za a kafa injin iska a kan tudu a Ingila ba sai ƙaramar hukuma ta ware wurin a tsarinta kuma mutanen yankin sun goyi baya. Abin ya zama kamar haramci, kusan shekara tara da ƙyar ake gina wasu 'yan tsiraru. A Yulin 2024, kwanaki kaɗan bayan Labour ta ci zaɓe, ministar kuɗinta Rachel Reeves ta sanar da ɗage sharaɗin. Ka duba Sikotland, su ba a ɗaure musu hannu haka ba, Whitelee kusa da Glasgow kaɗai injina 215 ne. Kowa yana kukan kuɗin wuta, amma kowa ba ya son injin a bayan gidansa.

Baban Khalifa, Halifax: Ni ba bayan gidana ba ne. Ƙasar tsaunin nan irin baƙar ƙasar nan ce mai riƙe ruwa, kuma ka san ambaliyar da kwarin Calder da ke ƙasan tsaunin ya sha a Disambar 2015. In aka haƙe ta aka zuba kankare da hanyoyin manyan motoci, ruwan ina zai tafi? Kuma Injiniya, kowa ya san ka manna takardar Labour a tagarka.

Injiniya Sani: Na manna, ba na ɓoyewa. Kai kuma wa kake yi?

Alhaji Na Bradford: Shi ke nan, baƙo ya ɗauki faɗan masu gida ya ɗora a kansa. Wanda ke son injin iska ya je Lambar Rimi a Katsina, guda 37 aka kafa na megawat 10, tun Yar'Adua yana gwamna aka faro maganar. Wa ya tambayi talakan Rimi ra'ayinsa?

Bakatsiniya: Baba Alhaji, don Allah a cire Katsina a wannan magana. Aikin Rimi ya samu tsaiko ne har da sace injiniyan Bafaranshe a Disambar 2012, ba lalacin Katsinawa ba ne. Aƙalla mun gwada. Kano me ta kafa?

Alhaji Na Bradford: 'Yata, ban zagi Katsinawa ba. Amma kar ki haɗa Kano da kowa, Tiga da Challawa suna nan.

Bakatsiniya: Madatsun ruwa daban, iska daban.

Ɗan Damagaram: Har yanzu babu wanda ya amsa mini. Wanda ba shi da ƙuri'a, garinsa ne ko ba garinsa ba ne?

Baban Khalifa, Halifax: Ikon Allah. Na kawo maganar ƙwace ikon kansiloli, har 'yan adawa a majalisa sun yi ta ƙorafi kan sabuwar dokar tsara gine-gine da ke rage wa kwamitocinsu iko, ku kuma kuna ta Kano da Katsina.

Maman Hanan, Leeds (mai kula da zaure): To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda cewa wanda ke zaune a wuri yana biyan haraji yana da haƙƙin ce masa garinsa, kuma Alhaji bai kawo hujjar da ta rushe wannan ba. Injiniya ya yi bayani mai kyau cewa Conservative ne suka tsayar da kafa injinan iska a kan tudu a Ingila tun 2015, don haka bai dace a ɗora wa Labour laifin ba. Maganar ambaliya da ta Ɗan Damagaram mu bar su zuwa wani lokaci. Baban Khalifa, in an buɗe karɓar ra'ayin jama'a kan Walshaw Moor ka sanar da mu ranar a nan.