Neman kalma: kuɗin ƙarfen da ake bugawa don adanawa

Mai fassara: Malamai, me za mu kira abin da Turawa ke ce wa commemorative coin, wato kuɗin ƙarfen da gwamnati ke bugawa don tuna wani mutum ko wani abu, ta sayar wa masu tarawa? Na ga wasu na rubuta "lambar tunawa".

Malamar Hausa: Lamba ba ta dace ba, Malam. Ita lambar yabo ba a rubuta mata daraja. Wannan kuwa akwai sunan ƙasa a jikinta, da shekara, da adadin kuɗi, doka ma ta san da ita. Ni "kwandalar tunawa" ta fi kwanta mini.

Mai tara kwandaloli: Na yarda, Malama, amma da sauran gyara. Tun 2004 ƙasashen yuro ke buga kwandalar yuro 2 ta tunawa, Girka ce ta fara da ta wasannin Olamfik na Atina, kuma ana kashe ta a duk ƙasashen. Wadda Malam ke nufi daban take: darajar da aka rubuta mata kan saɓa da ta kuɗin yau da kullum, kuma a ƙasar da ta buga ta kaɗai take halastacciya. Ana sayar da ita sama da abin da ke rubuce a jikinta, mai kashe ta ya yi asara. Sai mu raba: "kwandalar tunawa ta kashewa" da "kwandalar adana".

Maƙerin azurfa: Adana ɗin nan ta yi daidai, domin aikin ke nan. Mafi kyawunsu, sai an goge hatimin bugu da faifan ƙarfen tas, a buga sau biyu ko fiye. Filin ya fito kamar madubi, zanen ya yi hazo-hazo. Ku kira shi "bugun madubi". Azurfar kan kasance 925 ko 999 cikin 1000, da yawa nauyinsu oza guda, giram 31.1. Kada a taɓa fuskarta da yatsa, gumi na cin ƙarfe ya bar shaidar da ba ta fita. A gefe ake riƙewa. Kada kuma a goge ta ko da ƙyalle mai laushi, sai ta yi siraran ƙarzuna, darajarta ta faɗi. Leda mai taushi ta PVC kan sa mata kore mai danƙo, gara a bar ta cikin kwanson da ta zo da shi, da takardar shaidar adadin bugu.

Malamar Hausa: Irin su Krugerrand, kwandalar zinarin Afirka ta Kudu, fa?

Mai tara kwandaloli: Wannan nauyin zinarinta ake saye, farashinta na bin kasuwar zinari. "Kwandalar jari" ke nan.

Mai fassara: Madalla. Zan sa "kwandalar adana", jam'i "kwandalolin adana".