Wai kumbon yaƙi bai kamata ya ɗauki wani launi ba sai toka?

Nura: Assalamu alaikum. Ga hoton rundunata da na gama fentinta jiya da dare, ƙananan kumbunan yaƙi goma sha biyu na wasanmu na kan tebur. Jiki ja, fukafukai kore, irin kayan dogaran Sarki, sai dagi da na zana da fari a bayan babban cikinsu. Hasumiyar da ke kansa kuma daga hasumiyar Gobarau ta nan Katsina na ɗauko ta, hawa-hawa tana tsukewa. Sati uku ina kansu. Da su zan zo wasan Asabar a Ƙofar Ƙaura in Allah Ya yarda.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Sannu da aiki Nura, hannunka ya faɗa. Amma zan maimaita abin da na daɗe ina faɗa a zauren nan: kumbon yaƙi ba dokin hawan sallah ba ne. Toka, fari ko baƙi, daga nan an rufe. A sama fenti aiki yake yi. Gefen tashar sararin samaniya da ke kallon rana yakan kai zafin digiri 120, gefen inuwa kuma ya sauka ƙasa da sifili da fiye da 150, shi ya sa fari ya yi yawa a jikinta. Sannan fenti nauyi ne. Kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, a tashinsa biyu na farko a 1981 an shafe babban tankin mansa da fari. Daga na uku suka daina, suka rage kusan kilo 270, tankin ya fito da ruwan goron kumfar da aka lulluɓe shi da ita. Mutanen da suka ƙi ɗaukar farin fenti saboda nauyi, su ne za su zauna zana dagi?

Nura: Malam, ai wasa ne na labarin shekaru ɗaruruwa masu zuwa.

Malam Lawal: Ko shekara dubu ce, rana ba za ta daina zafi ba.

Zainab: Malam, da girmamawa, hujjarka ta tsaya wa fari, ba ta tsaya wa toka ba. Toka daga jiragen ruwan yaƙi aka gado ta, don a teku tana sajewa da hazo. A sama babu abin da za a saje da shi. Bayan kumbon duhu ne mai sanyin kusan digiri 270 ƙasa da sifili, shi kuma yana ɗauke da inji da mutane, duk yana fitar da zafi. Na'urar gano zafi za ta hango shi kamar garwashi a tsakar gida da dare, ko da kwalta aka shafe shi. Ɓuya dai babu ita.

Malam Lawal: Wannan na karɓa, Zainab. To amma kin taimake ni ba ki sani ba. In daga nisan dubban kilomita ake faɗan, ido ba ya ganin toka, haka ma ba ya ganin dagi. Wa aka zana wa?

Zainab: Mutanen da ke cikinsa, da masu tarbarsa a tasha. Kuma ba a taɓa yin mayaƙan da ba sa yi wa kayansu alama ba. A watan Yuni na 1944, da za a tsallaka Nomandi ta ƙasar Faransa a yaƙin duniya na biyu, an ja wa jiragen saman ƙawance layuka baƙi da fari a fukafukai da jiki don kada nasu su harbo su. A 1917 wani mai zane ɗan Ingila, Norman Wilkinson, ya kawo shawarar a yi wa jiragen ruwa zane mai karkace-karkace, ba don a ɓoye su ba, sai don mai leƙe daga jirgin ƙarƙashin ruwa ya kasa gane inda suka dosa da saurinsu. Ko rokar Saturn V da ta kai mutum wata a 1969, baƙin da ke jikinta an sa shi ne don masu kyamara su ga tana juyawa.

Malam Lawal: Layukan Nomandi kafin shekarar ta ƙare an goge su, don sun sa abokan gaba na saurin hango jiragen. Kuma yawancin abin da kika lissafa baƙi da fari ne, kowanne da aikin da yake yi. Nuna mini aikin kore a fiffiken Nura.

Yaya Bishir: Ku bari mai sana'ar ya sa baki. Shekarata goma sha shida ina fentin allunan shaguna a garin nan. Ku duk kuna can sama, ni ina kan tebur. Kumbon nan tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kuma daga nisan hannu da rabi ake kallonsa. Malam, ka tuna wasan da muka yi bayan ƙaramar sallah, naka toka nawa toka? Sau biyu ka ɗauki nawa ka matsar, sai da muka riƙa ɗaga su muna duba gindi. Ga aikin launi nan. A wasan da bindigar gaba ta bambanta da ta gefe, dole daga inda kake zaune ka san na wane ne, kuma ina hancinsa ya kalla.

Amma Nura, kai ma ba ka tsira ba. Na mayar da hotonka baƙi da fari a wayata, sai ja da koren suka zama abu ɗaya, don duhunsu ɗaya ne. A jikin dogari suna fita saboda riga ce babba ga rana tsaka. A ƙaramin abu cikin ɗaki da hasken fitilar caji, dunƙulewa suke. Ƙa'idata a allo ita ce a nan: ɗaya ya yi duhu, ɗaya ya yi haske. Ka sa wa koren fari kaɗan, ko ka raba su da siririn farin layi. Kuma na ga a kan baƙin shafen farko ka ɗora jan, shi ya sa ya mutu ya koma kamar jan ƙasa. Ja farin ƙasa yake so. In ya bushe sai ka tsarma baƙi da ruwa sosai ka bi da shi, ya kwanta cikin tsagogi, ƙirar ta fito. Da hunturun nan kuma ka kifa musu roba da zarar ka aje burushi, na ga ƙura a kan uku daga cikinsu.

Zainab: Akwai kuma masu larurar ido da ba sa rarrabe ja da kore, yawanci maza. Ƙanena haka yake, kuma yana zuwa wasan.

Nura: Wannan ban yi tunaninsa ba wallahi. Zan gyara koren. Dagin fa, Yaya?

Yaya Bishir: A babban ya zauna. Kada ka kai shi kan ƙananan, zai zama ɗigon farar ƙasa kawai. Su ka ba su farin hanci.

Kawu Sada: Ni damuwata daban ce. Kayan dogarai kayan fada ne, suna da ma'ana a Ƙofar Soro. A ɗora su a kan abin wasan da za a ce an harbe shi ya tarwatse, raina bai kwanta ba. Launi bai ƙare ba ai. Ga baba irin na marina, ga ruwan makuba na katangar gidajen da, ga launukan lifidi.

Nura: Kawu, ban yi don raini ba. Ina yaro a kafaɗar babana nake kallon hawa, kuma abin da ya fara zauna mini a ido jan nan ne da koren. Turawan da suka fitar da wasan Battlefleet Gothic a 1999 sun ƙera kumbunansu kamar manyan majami'unsu, da hasumiyoyi da bakuna, ba wanda ya ce musu kimiyya ta hana. Sun ɗauki ginin garinsu sun kai sama. Ni ma abin da nake so ke nan: wanda ya kalli tebur ya san daga Katsina rundunar nan ta taso, ko ban buɗe baki ba.

Kawu Sada: Niyyarka na sani, ɗana. Gobarau da dagi ban ce komai a kansu ba, har daɗi na ji. Haɗin launin ne kawai. In ka mayar da koren baba, ka magance tawa, ka magance ta Bishir da ta Zainab gaba ɗaya.

Yaya Bishir: Baba da ja duk masu duhu ne, Kawu. Sai dai shuɗi mai haske, kamar zanen da aka tsoma sau ɗaya a marina.

Malam Lawal: Ni har yanzu ina kan bakana cewa injiniya ba zai sa hannu a kan jan kumbo ba. Amma ga abin da ba zan sassauta ba ko kaɗan: faifan da ke zubar da zafi a gefen babban kumbonka, Nura, ka shafe su da kore. Na tashar sararin samaniya farare ne. Ka mayar da su fari, sauran jikin kuma mu gwada. Ranar Asabar zan zo da tokata guda shida, mu shimfiɗa baƙin yadi, kowa ya ja baya taku uku, ƙanen Zainab ya faɗi na wane da inda kowanne ya kalla.

Nura: Na yarda. Faifan za su koma fari yau da dare. Shida zan mayar shuɗi mai haske kamar yadda Yaya ya ce, shida in bar su da kore mai farin layi, a ga wanda ya fi fita.

Kawu Sada: Masu koren ka bar su a gida in ni zan zo.

Nura: To Kawu, zan kawo su a kwali a rufe. In an gama gwajin a mayar da su, da shuɗin za a yi wasan.

Yaya Bishir: Ka biyo ta shago bayan la'asar, ina da ragowar fari da ƙaramin burushi mai tsini.